Shekarar da Na Amsa Sunan Balaraba

Daminar bana ta yi mana halin nan nata: ruwa ya sauko da wuri, mutane suka yi shuka da murna, sannan sama ta ɗaure fuska kusan mako uku ba ko yayyafi. Ana cikin wannan zullumi sai ga baƙi su uku a firamaren da nake koyarwa a nan Gusau, kowa da babbar waya a hannu, wai sun zo auna karatun 'yan aji biyu. Suka tsamo sunaye daga rajista. Shugabarmu ta dubi sunayen, ta ja ni gefe, ta ce ko za a ɗan gyara, a tura masu ƙoƙari a madadin wasu. Na ce mata wanda aka kira shi zai shiga, ko da harafi ɗaya bai sani ba. Tun ranar take amsa gaisuwata a daƙile. Kada a ɗauka wai na yarda da baƙin ne. Ni har gobe in na ga mutum da takarda yana tambayar sunan yaro sai gabana ya faɗi. Abin da shugabarmu ba ta sani ba shi ne an taɓa yin irin wannan gyaran da ni, a wata damina mai kama da ta bana, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Ƙauyenmu yana gefen 'Yankuzo a ƙasar Tsafe. Babban gida ne namu, Babana ne maigida. Ƙanensa ya tafi ci-rani Kudu tun da kaka, damina ta faɗi bai dawo ba, ya bar matarsa Inna Kulu da jinjiri da kuma 'yarsu Balaraba. Ni da Balaraba sa'o'i ne, ajinmu ɗaya, kuma da yake yaran gida duk da sunan maigida ake rubuta su a makaranta, sunan uba ɗaya muke amsawa. Mutane kan ce mun yi kama, ni dai ban taɓa gani ba. Ni Hauwa baki ne da ni da saurin haddace abu. Ita kuwa hannu gare ta: tun muna 'yan shekara takwas ta iya surfe, ta iya goyo, ta san ganyen da ake ci da wanda ba a ci. Saboda haka ita ake tsayarwa a gida duk ranar da aiki ya yi yawa, kuma a wannan shekara kullum aiki yawa yake yi. Rabin zangon karatu ya wuce ba ta leƙa aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Ruwan farko ya zo mana da yamma, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa yaro ya so ya ɗebi turɓaya ya ci. Washegari gida ya watse gona. Baba yana gaba da sungumi yana sara, muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro ya yi kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da zafi. Ganyen gero ya murɗe, na kan tudu ya ƙone ƙurmus. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu, manya da yara, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa. Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka, kuma irin da aka sake da shi daga bakinmu aka cire.

Daga nan gidan ya koma lissafin ciki. Baba da kansa yake hawa rumbu da sassafe, ba ya aiken kowa, kuma in ya sauko ba ya kallon idon matan gida. Aka fara janye furar rana, aka koma farau-farau, ruwa ne kawai da aka nuna masa gari. Ɗumamen safe ya ɓace, don tuwon dare ba ya kwana. Sai tafasa. Balaraba ce ke fita da kwando ta yanko, a dafa, a matse, a barbaɗa gishiri da ɗan yaji, ran da aka yi sa'a a samu ƙuli a kwaɗa. Ga shi ruwan da ya dawo ya dawo da haushi, ciyawa ta fi gero sauri, kowane gida yana kiran gayya. A lokacin mutum kan yini a gonar da ke bayan dutse ba abin da yake tsoro sai maciji. Yanzu waɗannan gonakin sai dai a hango su daga nesa.

Ana cikin noman maimai, saura 'yan kwanaki a ba da hutu, wata mota ta shigo ƙauye ta tsaya a makaranta. Ba ta daɗe ba ta juya. Kafin azahar labari ya zaga cewa an bar wa Hedimasta takarda mai sunayen yara 'yan aji biyu, za a dawo jibi a gwada su. Ba wanda ya san dalili, saboda haka kowa ya samo nasa. Wasu suka ce wanda ya faɗi za a kore shi a ci ubansa tara. Wasu suka ce waɗanda suka ci za a kwashe su a kai birni, ba za a ƙara ganinsu ba. Wata tsohuwa ta rantse allura za a yi musu.

Ana gobe za su dawo, Hedimasta ya yi sallama a zaurenmu bayan la'asar. Mutum ne mai kirki, siriri, mai yawan waige-waige. Ni aka aika in kai masa ruwa, na ajiye na laɓe a bayan ƙofa, don dama halina ne.

"Malam Garba," ya ce wa Baba, "sunan Balaraba ya hito cikin waɗanda za a gwada. Kai ma ka san yarinyag ga ko harahi guda ba ta sani ba. In sunka ga yaranmu ba su san komi ba, cewa za su yi makarantag ga ba ta da amfani, su kwashe malamai su kai 'Yankuzo."

"Mi sunka ce za su yi da sunayen?" in ji Baba.

"Ba su hwaɗi ba."

"To ka gani. Da walakin, goro a miya. Ni tun tasowata ban taɓa ganin hukuma ta ƙirga abin mutum don ta ƙara mai ba. Shanu anka ƙirga, anka amshi jangali. Kawuna anka ƙirga, anka amshi haraji. Yanzu kuma an zo kan ɗiya. Ɗiyag ga amana ta a hannuna, ubanta ba shi gari."

"Shi ya sa niz zo. A ba ni Hauwa ta amsa sunan. Ita nata bai hito ba. Yini guda na, su gama su tahi abinsu."

Na san abin da Baba yake aunawa, don washegari gayyarmu ce, kuma Balaraba ce za ta yi jigilar ruwa da farau-farau zuwa gona. Ni in an aike ni da tulu rabi nake kaiwa. Ya ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Da na gaya wa Balaraba, daɗi ta ji. Ta kwance kallabinta ta ɗaura mini, ta ja da baya tana dubana tana dariya.

"Ki yi man ƙoƙari," ta ce, "kar ki ba ni kunya gaban baƙi."

Da safe gari ya tashi da lumshi. Na tafi makaranta ba komai a cikina sai ruwa. Hedimasta ya tare ni a bakin aji ya raɗa mini cewa in yi daidai wa daida, kada in zaƙe. Wadda ta gwada ni wata mata ce mai tabarau, Hausarta irin ta rediyo. Ta ce, "Yaya sunanki?" Na ce Balaraba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabaran. Sai ta miƙo mini kwali mai haruffa. Na karanta. Ta miƙo mai kalmomi, na karanta. Ta ba ni ɗan labari na akuya da ta shiga gonar wake, na zuba shi tas, ta yi tambayoyi na amsa. Ta zube 'ya'yan tsamiya ta ce in ƙirga, in raba, in haɗa. Gargaɗin Hedimasta kuwa tuni na manta da shi. Yabo nake so, kuma ban taɓa samun babba ya zauna yana saurarona ni kaɗai ba. Har ƙananan rubutun da ke ƙasan kwalin sai da na karanta mata ba ta tambaya ba.

Na ɗauka an gama. Sai aka tsayar da ni jikin bango aka auna tsawona, wani mutum ya ɗauke ni hoto. A gabana matar ta ce wa Hedimasta:

"Waɗannan yaran za mu riƙa binsu ne. Za mu dawo suna aji huɗu, mu dawo suna aji shida, mu bi su sakandare har mu ga wa ya shiga kwaleji, wa ya tsaya a hanya, kuma a ina ya tsaya. Hoton za a manna a jikin sunan kowa don kada a sami ruɗani."

Hedimasta ya ce madalla, madalla, yana goge wuya da hankici. Ko ni da nake yarinya na gane yini gudan nan ya yi tsawo.

Aka ba da hutu, marka ta kama. Kwana da kwanaki ba a ganin rana. Katangar bayan gidanmu ta zube, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakin girki har ido ya yi ja kafin tukunya ta tafasa. Gero ya yi tsawo ya fara fitar da kai, muna kallonsa ba halin ci, kuma wannan ita ce yunwar da ta fi ciwo. Jinjirin Inna Kulu ya yi ta kuka don nono ya janye. A cikin wannan hali motar nan ta sake shigowa, tana ta kafewa a taɓo. Ta sauke wani matashin malami, da buhuna, da babbar tukunya. Ashe abin da aka auna mu dominsa ke nan: duk yaron da aka samu bai iya karatu ba za a yi masa aji na musamman kullum da hantsi har hutu ya ƙare, kuma za a dama musu kunun gyaɗa kafin a fara.

Baba bai yarda ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, wa ya san abin da aka zuba a kunun. Aka zuba ido a ga yaron da zai fara faɗuwa. Mako ya zagayo ba wanda ya faɗi, sai ma kumatu da suka fara yi. Daga tsakar gidanmu ana jiyo su suna bin malamin da ƙarfi, ba, be, bi, bo, bu. Hanyar da Balaraba ke bi ta yanko tafasa ta gefen tagar ajin ta wuce, sai na lura tana daɗewa ba ta dawo ba.

Wata rana ta ajiye kwandon a gaban Baba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce:

"Baba, ajin ga na waɗanda ba su iya ba na. Ni ma ban iya ba."

Inna Kulu tana daga bakin ɗaki ta ce, "Yaya, a taimaka a yi magana. Ko don kunun."

Baba ya saka hula ya tafi wurin Hedimasta, ya dawo jiki a sanyaye. Amsar da ya samo ita ce a takarda Balaraba ce ta fi kowa a ajin. In aka kai ta cikin marasa karatu za a tambayi yadda aka yi, a ɗauko hoto, daga nan aikin Hedimasta ya tafi, wataƙila har da makarantar. Baba ya ce mata ta yi haƙuri, in an koma makaranta za ta kamo. Shi da kansa bai yarda da abin da yake faɗi ba, don ƙasa yake kallo.

Ba ta haƙura ba. Washegari ta ce in raka ta, muka tsaya a ƙofar ajin ruwa yana ɗiga daga kanmu. Ƙamshin kunun ya bugo ni har na haɗiye yawu. Malamin ya fito da rajistarsa mai hotuna, ya tambaye ta da fara'a me take so.

"So nike in zauna daga baya, Malam. Ko ba a ba ni kunu ba."

"Yaya sunanki?"

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, "Hauwa."

Ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya ce babu Hauwa, kuma an hana shi ƙara ko mutum ɗaya don kada lissafin masu aunawa ya rikice. Muka juyo. Rashin sani kaza ta kwana a kan dami, haka Inna Kulu ta ce da ta ji, amma mu a wannan karon da saninmu muka kwana.

Na ce zan koya mata da kaina. Muka zauna a ƙarƙashin rumbu inda ƙasa ba ta jiƙe ba, ina zana haruffa da tsinke. Kwana biyu muka yi. Ni da ban san yadda aka yi na iya ba, ina zan san yadda ake koyarwa? A rana ta biyu ta kasa bambanta harafin ba da harafin da, na ce mata daƙiƙiya. Ta share rubutun da ƙafa ta tafi ta ɗauki jinjiri. Wannan kalmar tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau, kuma ina jin ita ce ta kai ni aikin koyarwa.

Gero ya nuna, muka gasa tumu muka ci har baki ya yi baƙi, aka yi girbi, rumbu ya sami abin rufe gindi. Da ciki ya cika kowa ya manta da zancen. Aka koma makaranta, yaran ajin kunu sun wuce Balaraba nesa, ita kuma ta koma zaman kujerar baya tana kallon allo. Malamai suna ciyar da ita gaba aji zuwa aji, don ba mai son a tono zancen.

Masu aunawa kuwa ba su saɓa alkawari ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga an cika alkawarin da muke addu'ar a saɓa. Muna aji huɗu suka zo, na amsa Balaraba. Muna aji shida suka zo, na amsa, alhali ita ta bar zuwa tun a aji biyar ba wanda ya yi cigiyarta. Da zan tafi sakandare Hedimasta ya rubuta musu cewa Hauwa ne sunana na yanka, Balaraba laƙabi ne na ranar haihuwa. Wa zai musa? Rabin ƙauyen haka suke da suna biyu. Duk zuwan da za su yi sai na kwana biyu ba na cin abinci, ina zargin sun gane, tarko kawai suke ɗana mini. Matar nan mai tabarau ta kan dube ni ta yi ɗan murmushi, kuma har yau ban yanke ba ko ta sani ta yi shiru ne don kada nata aikin ya lalace. A sakandare sau ɗaya na yi niyyar faɗi. Na gaya wa Baba, ya ce in ja bakina, in sun ji ƙarya a wuri ɗaya za su soke har jarrabawata ta gaskiya. Na yi shiru, kuma ba don Baba kaɗai ba. Ina son kwalejin.

Na samu shiga kwalejin horon malamai a Gusau. Ban fi wata biyu ba aka kira ni ofis. Wani mutum ne da ban sani ba, riƙe da tsohon fayil, hotona na aji biyu a manne, da kallabin Balaraba a kaina. Ya yi mini 'yan tambayoyi, ya ja layi a takardarsa.

"Balaraba ta shiga kwaleji," ya ce yana rubutawa. "Barka. Daga yau mun gama da ke."

Na fito ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. A lokacin Balaraba tana aure a Furfuri ta ƙasar Bungudu, wurin wani manomi da ita ta zaɓi abinta, har ta haifi ɗa namiji. Ranar Asabar na hau mota na tafi, ina ta shirya yadda zan ba ta labarin mu yi dariya, don a ganina abin ya wuce.

Na same ta a tsakar gida da hantsi, yaron a cinyarta, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane. Na taɓa goshinsa na janye hannu don zafi. Na tambaya ko an kai shi asibiti, ta ce jiya aka kai shi, an ba da magani. Duk da haka bakina bai iya shiru ba. Na ce mata mutanen nan sun zo, sun rubuta cewa Balaraba ta shiga kwaleji, sun ce sun gama.

"To madalla," ta ce. "Ashe na yi ƙoƙari."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu a ƙarƙashin tabarma ta jawo kwalbar magani, ko buɗe ta ba a yi ba.

"Mai ba da magani ya hwaɗa man yadda za ni ba shi, yaron na ta kuka, ban riƙe ba. Maigidan ya yi sammakon gona. Maƙwabta kuma duk sun san na yi boko har aji biyat, da wane baki za ni kai musu kwalba? Tun asuba nike juya ta."

Na karɓa. Rubutun manya ne, ɗan aji biyu zai karanta. Na ce rabin cokali, sau uku a yini, bayan ya ci wani abu. Ta maimaita a bakinta. Ta ɗauki gawayi ta ja layi uku a jikin bango. Na fara ce mata ta yafe mini, na ce zan nemi mutanen in gaya musu gaskiya, a mayar mata da sunanta.

"Riƙe sunan, Hauwa, ke kika yi mai wahala," ta ce, tana ƙoƙarin buɗe murfin kwalbar da haƙori. "Ni dai sake hwaɗa man. Rabi kika ce, ko cike?"